Derrick Mai Inshora da Duwatsun Tasha

Duk wanda ya zauna a Kafanchan a shekarar da Derrick ya dawo daga bautar ƙasa zai gaya maka kunnen garin bai huta ba. Da fari kiwon kifi ya ce zai yi, irin wanda za a riƙa zuwa kallo daga Abuja. Kafin a ga kifi ko ɗaya ya koma kan wata manhajar waya da za ta kai cittar Kudancin Kaduna har Turai. Ita ma ba a gan ta ba. Abin da ake gani kullum shi ne Derrick da kansa, gajere, mai faɗin ƙirji, cikin kwat ruwan toka da jan laktaye, yana sauri a bakin titi kamar wanda aka dakatar da taro ana jiransa.

Dabarar da ta fi duka girma a Kujama ta same shi. Yana dawowa daga Kaduna cikin bas, 'yan sanda suka tsayar da su suka ce direba ya kawo takardar inshora. Direba ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi kamar tsumma. Ɗan sanda ya duba lambarta a wayarsa, ya ce ta bogi ce. Aka ajiye su a rana. Fasinjoji suna tsaki, wata mata tana fifita jaririnta da gyale, Derrick kuwa murmushi yake yi shi kaɗai.

"Mama, na samu!" ya faɗa tun daga ƙofar gida.

Mahaifiyarsa, Mama Magdalene, tana zaune a tsakar gida tana tsaga citta. Ba ta ɗaga kai ba. "Ka samu aiki?"

"Aiki na masu ƙaramin tunani ne. Inshorar mota zan fara sayarwa, ta gaskiya. Ki dubi motocin garin nan, Mama. Kowace tana iya faɗuwa. Duk nawa ne."

"Faɗuwar ce taka?"

"Motocin, Mama."

"Kai da ko keke ba ka iya ba."

"Ba tuƙawa zan yi ba. Ni a sama nake, wajen tsarawa."

"To, Ubangiji ya sauko da kai lafiya."

Sai da ya shiga bincike ya gano ba a wayar gari kawai a ce an zama mai sayar da inshora. Akwai jarrabawa. Bayan jarrabawa sai wani kamfanin inshora ya ba mutum takarda cewa ya yarda ya zama wakilinsa, da wannan takardar ce hukuma za ta ba da lasisi. Jarrabawar ya ci ta a zama na biyu. Na farkon, in ji shi, leƙen asiri ya je yi. Saura takardar kamfani, kuma ita ce ba a samu a bakin titi.

Ya nufi ofishin Kamfanin Inuwar Matafiya a Kaduna, inda aka haɗa shi da mai kula da wakilai, Madam Hulda, wata doguwar mace mai tabarau. Derrick ya yi mata bayanin kansa tun shayinta yana tururi har ya huce. Da ya tsaya shan iska ta ɗaga hannu.

"Derrick, baki kam kana da shi. Amma ni ba baki nake sa wa hannu ba. Ranar Alhamis ina da aiki a Kafanchan. Ka tara mini direbobi in ga ko za su saurare ka. Ka duba motocinsu, ka ɗauki hotonsu ta kowane gefe, yadda muke yi kafin mu karɓi mota. In na gamsu, a nan take zan sa hannu a takardarka. Kuma kada ka karɓi komai a hannun kowa kafin lasisi ya fito."

"Madam, tambayata ɗaya. In na mamaye Kafanchan, Jos tana ƙarƙashina ko za a naɗa mini mataimaki?"

"Ka rufe mini ƙofa in za ka fita."

Derrick ya yanke shawarar fara gwaji a inda mutane ba sa iya tashi su gudu, wato coci. Ranar Lahadin nan kuwa ta dace, domin a ranar ne za a keɓe motar da dattijon ikilisiya, Baba Kumai, ya saya bayan ya yi ritaya. Tana waje an ɗaura mata kintinkiri, ana jira a tashi daga sujada fasto ya fita ya yi mata addu'a.

Da lokacin ba da shaida ya yi, Derrick ya riga kowa isa gaban makirfo.

"Ku yabi Ubangiji!"

"Halleluya!"

"'Yan'uwa, Ubangiji ya buɗe mini ido a Kujama!"

"Amin!"

"Ya nuna mini cewa kowace mota da ke ajiye a wajen nan tana iya wuntsilawa!"

Amin ɗin ya maƙale a wuyan jama'a.

"Mu ɗauki motar Baba Kumai misali. Ja ce, tana sheƙi, mun gode wa Allah. To, kowa ya rufe ido. Ga Baba ya kama hanyar Gwantu, Mama matarsa tana gefensa. Ga kwana. Ga tirela ta kwaso da gudu. Baba ya taka burki, burki ya ce bai san zancen ba..."

"Ba rabona ba ne!" Matar Baba Kumai ta miƙe zumbur tana zagaya hannu bisa kanta. "Na ƙi shi cikin sunan Yesu!"

"Mama, ban ce za ki mutu ba. Ke wataƙila ƙafa ce kawai. A kan motar nake magana. In ta murƙushe, wa zai..."

"Kai, ɗan nan!" in ji Baba Kumai, yana laluben sandarsa.

Shugabar zumuntar mata ba ta jira umarnin kowa ba. Ta ɗaga gira, aka daki tulun kiɗa, aka kaɗa caki, mata suka ɗauki waƙa da dukan ƙarfinsu. Mai kula da lasifika ya zare wayar makirfo. Aka bar Derrick yana ta motsa baki yana kwatanta wuntsilawar mota da hannu biyu, har masu tsaron ƙofa suka zo suka kama shi dama da hagu, suka fitar da shi suna taka rawa don kada baƙi su gane kora ce.

A ranar fasto bai ɗiga man zaitun a kan motar ba kamar yadda aka saba. Kwalbar gaba ɗaya ya juye, har gilashi da tayoyi. Baba Kumai ya tuƙa ta zuwa gida a hankali ƙwarai, har masu tafiya a ƙasa suna wuce shi suna yi masa sannu.

"Ka kunyata ni a gaban zumunta," in ji Mama Magdalene da suka koma gida.

"Mama, ba ki lura ba ne. Cocin nan gaba ɗaya ya tsorata. A littafinmu wannan shi ake kira wayar da kai."

"Mu a namu littafin sunansa mugun baki."

Washegari ya nufi tashar da ake lodin Gwantu. Shugaban direbobin wurin, Mijinyawa, yana zaune a rumfa yana cin goro. Iyayensa da kakanninsa 'yan kasuwar garin ne, shi kuma ya tsufa a kan sitiyari, ba abin da ke faruwa a Kafanchan bai ji ba.

"Ranka ya daɗe, ciyaman."

"Yauwa, ɗan Magdalene. Kai ne ka kashe Kumai jiya a coci?"

"Misali ne kawai, Baba."

"To, mu nan ba a misali da motar mutum. In za ka yi, yi da taka."

"Tawa tana hanya."

"Allah ya kawo ta lafiya. Ta yi inshora?"

Direbobin da ke rumfar suka kwashe da dariya. Derrick ya gyara laktaye ya fara bayani. Ya ce inshora iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda doka ta wajabta, ita ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Akwai babba, wadda ta haɗa har da gyaran motarka.

Wani direba siriri mai suna Zamani, wanda bas ɗinsa ta girmi Derrick, ya matso. "Oga mai digiri, tsaya in gane. Ƙaramar nan, in na yi ta, shekara ta ƙare ban buga kowa ba, za a mayar mini da abina?"

"A'a."

"In na buga fa?"

"Sai a biya wanda ka buga."

"Wato ni in yanka, wani ya ci. In kuma ina son in ga amfanin abina, sai na fita neman wanda zan buga."

"Ba haka ake kallonsa ba..."

"Abeg, tsaya a gaban motata mu gwada."

Aka sake fashewa da dariya. Mijinyawa ya share hawaye da bakin rawaninsa. Shi mutum ne mai son nishaɗi, kuma ya ga wannan yaro nishaɗi ne da ƙafafunsa. Ya ce, "Ɗana, zan tara maka su ranar Alhamis. Amma direba ba ya sauraron lacca da busasshen maƙogwaro. A ga lemo, a ga shinkafa."

Lemo Derrick ya ɗauki nauyi. Shinkafa kuwa Mama Magdalene ta yarda za ta dafa ita da ƙawayenta na zumunta, ko a wanke wani abu daga kunyar ranar Lahadi.

Yanzu, akwai abin da ya kamata a sani game da wannan tasha, wanda kowa ya sani ban da Derrick, domin shi bai taɓa tambayar kowa komai ba. A kan gangare take, kuma ba kuskure ba ne. Rabin motocin wurin batirinsu ya mutu tuntuni, burkin hannu kuwa sai dai labari. Saboda haka ake jera su layi suna kallon ƙasa, kowace an bar ta a giya, an kuma sa mata dutse a gaban taya ya zama waigi. Wanda lodinsa ya cika sai ya shiga, a janye dutsen, mota ta gangara, inji ya kama. Giyar tsohuwar mota riƙo take yi irin na hannun mai gyangyaɗi. Dutsen ne mai aikin. Shi ya sa kowane direba yake da nasa, yana yawo da shi a but, ya san shi kamar yadda ya san fuskar 'ya'yansa.

Ranar Alhamis Derrick ya iso da sassafe, direbobi duk suna wajen mai shayi a bayan tasha. Ya jera bencina a rumfa, ya sa sun ba motoci baya don kada hankalin kowa ya rabu. Sannan ya zaro waya ya fara ɗaukar hoto. Ya ɗauki na farko, ya duba, ya ɓata fuska.

"Dubi ƙazanta," ya ce a ransa. "Mota kyakkyawa, ga wani ƙaton dutse a gindinta. In hoton nan ya je hedikwata ai cewa za a yi motocin Kafanchan ba su da burki."

Ya tuɓe kwat ya rataye. Ya bi layin nan tun daga ƙasa har sama yana zare duwatsu. Wasu da ƙafa ya ture su. Na bas ɗin Zamani, wadda ke can saman layi, ya yi gardama, sai da ya tsuguna ya yi ta girgiza shi yana nishi kafin ya fito. Bas ɗin ta yi wata 'yar ƙara, ta yi shiru. Derrick ya shafa mata gefe. "Yauwa. Yanzu kin zama mota."

Hotuna suka fito tsaf. Saura inda zai kai duwatsun. Ya dube su, ya dubi rumfa, ya tuna cewa in ya tsaya a ƙasa na baya ba za su gan shi ba. Nan take wata dabarar ta sauko masa. Ya kwashe su ya jera a gaban bencina, ya ɗora katako a kai, ya hau ya gwada. Sai ga shi ya fi kowa tsawo a tashar. Ya yi mamakin yadda kansa ke aiki.

Da hantsi Madam Hulda ta iso cikin farar motar kamfani. Ta ajiye ta a can ƙasan gangaren, kusa da inda wata 'yar kasuwa, Bridget, ta baza cittarta a kan tamfol tana shanya. Ta hau zuwa rumfa, ta tarar da direbobi cike da bencina, kowa da kwalbar lemo, Mijinyawa a gaba. Ta ɗan ɗaga gira. Derrick ya miƙa mata waya.

Ta duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. "Gaba, baya, gefe, lamba. Ba laifi, Derrick. Sun fito."

Ta buɗe jaka, ta ciro takardar, ta ɗora a cinya, ta ɗora biro a kai. Derrick ya hango sunansa a rubuce a jiki. Ya haye katako.

"Iyayena direbobi! Ranka ya daɗe ciyaman! Madam daga hedikwata! Yau rana ce da jikokinku za su tambaye ku kuna ina. Kuna ganin kun iya tuƙi. Na yarda. Amma hatsari yana iya zuwa yanzu-yanzun nan, kuna zaune kuna shan lemo!"

"Allah ya kiyaye," in ji Mijinyawa.

"Amin, amma mu kiyaye da takarda! Ni Derrick, na karanta hatsari a littafi tun daga bangon farko har na ƙarshe. Ina hango shi tun yana nesa. Ba hatsarin da zai gifta ta gabana ban..."

"Oga mai digiri." Zamani ne. Ba fuskar Derrick yake kallo ba, ƙafafunsa yake kallo. "Ɗan matsa hagu."

"Tambayoyi sai ƙarshe."

"Ba tambaya ba ce. Baƙin dutsen nan mai tsagi da ke ƙarƙashinka. Nawa ne. Daga Kauru na ɗauko shi, ya riga matata zuwa gidana."

"Kai, ga nawa can ma," in ji wani daga baya. "Mai jan fenti."

"Wancan mai kama da doya nawa ne!"

Mijinyawa ya ajiye kwalbarsa a ƙasa a hankali. Kawuna suka juya baya tare, sannu-sannu, kamar an ɗaure su da igiya ɗaya.

Motoci suna nan a jere a kan gangare. Ba dutse ko ɗaya. Ba wadda ta motsa.

"Kada wanda ya yi tari," in ji Mijinyawa da raɗa. "Kowa ya tashi a hankali ya ɗauki dutsensa. Ɗan Magdalene, sauko."

Derrick bai sauko ba. Ya ga dama ta samu. "Kun gani? Ga su nan a tsaye! Shekara da shekaru kuna wahala da duwatsu saboda tsoro kawai. Madam, ki shaida, wannan shi ne irin canjin tunani da nake son kawowa..."

Daidai nan Mama Magdalene da ƙawayenta uku suka ɓullo ta saman tasha, kowace da kular shinkafa a ka. Sun sha tafiya, rana ta dake su. Suka hango inuwa a bayan bas ɗin Zamani. Suka sauke kuloli.

"Mama, kada ki..." in ji Zamani.

"Wash, bayana!" in ji Mama Magdalene. Su huɗun suka jingina.

Bas ta ce ƙiiii, giya ta fita, ta bar matan zaune daɓas a ƙasa ƙafafu a sama.

Ba gudu ta yi ba, kuma wannan ne abin takaicin. A natse ta gangara, ta sumbaci bayan motar da ke gabanta. Waccan ta yi ɗan tunani, ita ma ta taka. Ta taɓa ta gaba, ta gaba ta taɓa ta gaba. Kafin a ce wani abu, layin gaba ɗaya ya kama hanya, ba direba ko ɗaya, a jere cikin ladabi kamar masu zuwa gaisuwa.

"Dutsena!" Direbobi suka yi kan mumbarin Derrick. Wannan ya fizgi nasa, wancan ya fizgi nasa. Katako ya tashi ta gefe guda, Derrick ya tafi ta ɗaya gefen, ya sauka a kan akwatin lemo. Mutane suka bazama gangare, kowa rungume da dutse, kowa yana kiran motarsa kamar za ta waiwayo.

Derrick ya miƙe, laktaye a kafaɗa, ya bi su. Ko a nan kansa bai daina aiki ba.

"Zamani! Zamani! Har yanzu ba ta daki komai ba! Yi inshora yanzu, akwai sauran lokaci! Madam, kawo biro!"

"Derrick!" Madam Hulda ta daka masa tsawa, tana gudu da takalma a hannu. "Ba a yi wa motar da ke tafiya ba direba inshora!"

"Ko ƙaramar ce, Madam!"

"Matsa mini, ko in yi maka waigi da kanka!" in ji Zamani. Ya jefa dutsensa gaban taya, taya ta haye shi ta wuce.

A motar da ke kan gaba akwai wani tsoho da ya shiga tun safe yana jiran ta cika, barci ya kwashe shi. Motsi ya tashe shi. Ya gyara hula ya ce, "Alhamdulillahi, mun tashi." Ya dubi kujerar direba. Ya sake dubawa. Ya leƙa ta taga, ya ga direban a waje yana binsu da dutse a ka. Tsoho ya ce, "To," ya riƙe hularsa da hannu biyu.

Bridget ta ɗago daga shanyarta ta ga tasha guda tana nufo ta. "Cittata! Jama'a, cittata!" Ta tsaya a gaba ta ware hannuwa, ta sake tunani, ta yi tsalle gefe.

Motoci suka hau tamfol. Citta ta riƙa fashewa a ƙarƙashin tayoyi, ƙus, ƙus, ƙus. Ita ce ma ta rage musu ƙarfi. Ta gaba ta ƙarasa da kyar, ta dafa ƙofar farar motar kamfani, gaf. Ta biyu ta dafa ta farko, gaf. Haka sautin ya bi layi har sama, bas ɗin Zamani ta rufe da nata, fitilarta ɗaya ta faɗo ta gangara ita kaɗai.

Sai ƙurar busasshiyar citta ta tashi, tasha gaba ɗaya ta kama atishawa. Tsohon nan ya buɗe ƙofa ya sauko, ya yi atishawa shi ma, ya dubi hagu da dama.

"Gwantu ta canza," ya ce.

Da aka duba, ba wanda ya ji ciwo. Fitilu ne suka fashe, bamba ta lanƙwashe nan da can, ƙofar motar kamfani ta shige ciki. Masu acaba suka taru, masu shaguna suka fito, har matar Baba Kumai da ta zo cefane ta tsaya tana gaya wa duk wanda ya matso, "Ni na san bakin yaron nan ba lafiya ba."

Bridget ta ratso taro ta damƙi laktayen Derrick ta naɗe a hannu.

"Anti Bridget, ki kwantar da hankali," in ji shi, muryarsa a shaƙe. "Ke ce misali mafi kyau a yau. A littafi ke ake kira ɓangare na uku. Da motocin nan suna da inshora ta gaskiya, da ke za a fara biya."

"Da! To yanzu da ba su da ita fa?"

Mama Magdalene ta iso tana karkaɗe zane. "Bridget, sake shi, kada ki ɓata hannunki. Zai tsince ta ɗaya-ɗaya, ya wanke, ya shanya. Wadda ta niƙe kuma mu yi magana a gida. Derrick, durƙusa."

"Mama, a gaban kwastomomi?"

"Durƙusa!"

Ya durƙusa.

Madam Hulda kuwa ta sa takalmanta, ta zagaya motarta, ta ɗauki hoton ƙofar, ta yi waya a taƙaice, ta mayar da wayar jaka. Mijinyawa yana kallonta. Ya ga ba ta yi ihu ba, ba ta kama rigar kowa ba. Abin ya dame shi.

"Madam, taki wa zai gyara?"

"Kamfani. Tana da babbar inshora."

"Ba faɗa? Ba rantse-rantse? Ba a kira dangi?"

"Na tura hoto. Gobe za a kai ta gareji."

Mijinyawa ya dubi motarsa, wadda bambarta ke lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya dubi Zamani. Zamani ya dubi fitilarsa da wani ya tsinto masa. Mijinyawa ya gyara riga ya tsaya a gaban Madam Hulda, Zamani ya tsaya a bayansa, sauran suka bi, kowa da dutsensa a hammata. Ita tana da lasisinta, saboda haka ta jawo benci ta zauna ta fara rubuta sunaye. Matan zumunta suka buɗe kuloli suka bi layi suna raba shinkafa, tunda dai an riga an dafa.

Derrick ya ɗago daga tamfol ya ga abin da ke faruwa. Idonsa ya yi haske. Ya taso da citta cike da hannu biyu.

"Madam! Kin ga aikina? Tasha guda a rana ɗaya! Ga takardata nan a gefenki, hannu kawai za ki sa."

Madam Hulda ta ɗauki takardar. Ta dube ta, ta dubi ƙofar motarta, ta dubi Derrick. Ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa, ta tura can ƙasan jaka ta ja zif.

"Derrick, tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin wanda ya wayar da kan direbobi kamarka ba. Wannan gaskiya ce. Amma kamfaninmu diyyar hatsari yake biya. Ba ya ɗaukar hatsari aiki."

Layi ya ɗauki shewa. Derrick ya buɗe baki zai yi gardama. Bridget ta nuna masa tamfol da yatsa, ya koma.

Da layi ya zo kan Zamani, ya ajiye dutsensa a kan benci, ya karɓi biro, sai ya dakata.

"Madam, abu ɗaya kafin in sa hannu. Babbar nan, kin ce ta haɗa da gobara, ta haɗa da sata."

"Haka ne."

"Ta haɗa da Derrick?"

Madam Hulda ta sauke tabarau ta daɗe tana kallon mai jan laktaye da ke rarrafe a cikin citta. "Wannan sai na tambayi hedikwata," ta ce. "Ina jin tsarinsa daban ne."

Derrick ya tsaya cak. Ya juyo wajen mahaifiyarsa, fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila.

"Mama, kin ji? Har hedikwata za a kai sunana."

"Na ji, ɗana," in ji Mama Magdalene. "Ga wata citta can ƙarƙashin taya."